Ramin haƙorin ɗana zai tafi da famfara?

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 8. Kullum ina ba shi dala ashirin, sai ya sayi lemu ko ƙanƙarar bisap a ƙofar lekol. Yanzu haƙorinsa na can ƙurya ya yi baƙin rami, ko ruwan randa ya taɓa wurin sai kuka, dare kuma ba barci. Kakarsa ta ce na nono ne, zai faɗi. In jira? Daga wata uwa a Bukoki, Yamai.

Amsa: Hajiya, kada ki jira. Da girman kaka da komai, wannan magana ta "ai zai faɗi" ita ce ke cinye haƙoran yaranmu, kuma kullum sai na ji ta.

Wajen shekara 6 akwai turmin dindindin da ke fitowa bayan haƙoran nono, sama da ƙasa, hagu da dama. Babu haƙorin da ke faɗuwa ya ba shi wuri, shi ya sa iyaye ke lissafa shi cikin na nono. Ki sa yaron ya buɗe baki a hasken rana, ki ƙirga daga tsakiya: idan na shida ne mai ramin, ba shi da magaji. Aka cire shi, ya tafi ke nan. To ko da na nonon ne fa? Turamen nono ba sa faɗuwa sai wajen shekara 9 zuwa 12. Wa zai bar yaro shekara biyu da ruɓa a baki? Mugunya tana taruwa a saiwa, ta iya ɓata sabon da ke ƙasa, idan kuma aka cire shi da wuri maƙwabtansa su matso, sabon ya fito a karkace.

Lemun kuwa, gwangwanin kola na santilita 33 yana da sukari kusan giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son ko babba ya tsaya wajen giram 25 a yini. Ga tsami, wanda ke zaizaye ɓawon haƙori ko a lemun da aka rubuta ba sukari. Yawan kurɓa ya fi yawan sha ɓarna. Yaron da ke tsotsar leda tun fita hutu har a tashi bai ba miyau damar gyara komai ba. In zai sha, ya sha lokaci guda tare da abinci, ya kurkure da ruwa, buroshi ko asuwaki sai bayan rabin awa. Safe da dare kuma man goge baki mai fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori.

Masu yawo da hayaƙi suna "ciro tsutsa" kuwa, babu wata tsutsa a haƙori, kuɗinki kawai za su ciro. Kada a danna masa asfirin a ramin, ƙona dasashi yake yi. Ki kawo shi a duba cikin makon nan, wataƙila ciko ya wadatar. Idan kunci ya kumbura ko zazzaɓi ya shigo, ko tsakar dare ne ku nufi asibiti.