Tambaya da Amsa: Me ya sa littafin dokokin wasa ɗaya yake kai dala 50?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Mu biyar ne muke so mu fara wasan labari na kan tebur, wato Dungeons & Dragons, kuma ni zan ja ragamar wasan. Da na duba farashi sai na ga manyan littattafan uku ne, kowanne kusan dala 50, ban da kuɗin aikowa. Wallahi jikina ya yi sanyi. Abokaina sun riga sun yi karo-karo sun damƙa mini, ina tsoron in kashe musu kuɗi a banza. Ga wani a guruf ɗinmu yana cewa kamfanin zaluntar mutane yake yi, shi zai turo mana duka littattafan a PDF a kan naira dubu uku. Cutar mu ake yi da wannan farashin? In saya a wurinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka riƙe kuɗin nan a hannunka tukuna, kada ka tura wa kowa ko sisi. Amana ce aka ba ka, kuma tsoron da kake ji yana kan hanya.

Ba cutar ku ake yi ba, nauyin da kake ji na naira ne. A 2014 da bugu na biyar na wasan ya fito, kowane babban littafi dala 49.95 ne. A 2024 da aka sabunta su, littafin 'yan wasa ya fito a dala 49.99, alhali shafukansa sun tashi daga 320 zuwa 384. Shekara goma ke nan farashin yana wuri ɗaya, duk da tsadar takarda da dako. Amma a 2014 dala tana wajen naira 160, littafin bai wuce naira dubu takwas ba. A 2024 dala ta haura naira 1,500, littafin nan ɗaya ya wuce naira dubu 75 tun bai hau jirgi ba. Hasali ma akwatin farko da kamfanin TSR ya fitar a 1974 a garin Lake Geneva na Amurka, ƙananan littattafai uku ne a dala 10, kuma dala 10 ta wancan zamani ta fi dala 60 ta yau.

Ban ce kamfanin waliyyi ne ba. Wizards of the Coast, kamfanin da yake buga wasan yanzu, mallakar babban kamfanin kayan wasa Hasbro ne tun 1999, riba suke nema, kuma a 2023 sun ɗaga wasu littattafan ƙari zuwa dala 59.95. Idan ka ce wannan ya yi yawa, ba zan yi musu da kai ba.

Kuma ba ka bukatar ukun yanzu. Littafin 'yan wasa ɗaya ya ishi tebur gaba ɗaya. Na yi shekaru ina jan wasa da kwafi guda, yana yawo hannu zuwa hannu, har gefen shafukan tsafe-tsafe ya yi baƙi saboda yawan buɗewa, bangon kuma sai da muka ɗaure shi da salatif. Babu wanda ya taɓa tashi daga teburin nan don ba shi da nasa. Sauran biyun na jagora ne, wato mai jan ragamar wasan, kuma za su iya jira.

Yanzu ga mutumin guruf ɗinku, domin nan ne raina yake ɓaci. Kusan kullum sai wani ya zo mini da wannan maganar: wai kuɗin littafi kuɗin takarda ne, tunda PDF ba shi da takarda, ai kyauta ya kamata ya zama, wanda ya raba shi kuma taimakon talaka yake yi. Wannan fahimtar ba daidai ba ce, kuma tana cutar da mutane ta hanyoyin da ba su zata ba.

Takarda da tawada ƙaramin kaso ne a kuɗin irin wannan littafin. Ka buɗe shi ka duba. Kusan kowane shafi akwai zane mai launi, kuma kowane zane mutum ne ya zauna kwana da kwanaki yana yinsa, aka biya shi. Akwai masu ƙirƙirar dokoki, akwai editoci, akwai mai tsara shafi, akwai watannin gwaji da ake yi don a tabbatar doka ta shafi na 40 ba ta karo da ta shafi na 200. Duk wannan an kashe shi kafin a buga kwafin farko, kuma ko a takarda ka karanta ko a waya, aikin nan yana ciki. Sannan dala 50 ɗin ba aljihun mawallafi take shiga gaba ɗaya ba. A al'adar wannan kasuwa babban dila yana karɓar littafi a wajen kashi 40 cikin ɗari na farashin bango, shi ya sayar wa mai shago, mai shago ya ɗora nasa. Ke nan wajen dala 20 ce take komawa, kuma a cikinta za a biya maɗaba'a da jirgin ruwa da sito da duk waɗancan ma'aikatan. Ko a intanet ba a tsira ba: DriveThruRPG, babbar kasuwar PDF ta waɗannan wasanni, tana cire kashi 30 zuwa 35 a kowane ciniki.

Babban kamfani yana iya shanye asara domin yana bugawa da yawa, kuɗin aikin ya rarrabu a kan kwafi masu tarin yawa. Wanda satar take kashewa shi ne ƙaramin mawallafi, mutum biyu ko uku da suka tara kuɗi a Kickstarter, shafin neman gudummawar jama'a a intanet, suka buga 'yan dubbai kaɗan. Kuma ɓarawon fayil ba ya tantancewa, babba da ƙarami duk jakarsa ɗaya. Mu Hausawa bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Mun ga yadda satar fasaha ta yi wa kasuwar faifan Kannywood, muna kuma jin kukan marubutanmu mata da suke kwana suna rubutu a waya, su sa ɗan kuɗi kaɗan, kafin gari ya waye wani ya watsa littafin a guruf goma. In ka san zafin wannan a gida, to zafin ɗaya ne a can.

Ga abin da ya kamata ka sani a kan tayin nasa takamaimai. Wizards of the Coast ba ta sayar da manyan littattafan bugu na biyar a PDF. Wanda yake son su a na'ura, ta shafukan intanet na D&D Beyond ko Roll20 da makamantansu yake saye, a can kuma yake karantawa. Saboda haka duk wanda ya ce zai sayar maka da PDF ɗinsu, kayan sata ne a hannunsa, babu wata fassara. Mutumin da yake zagin kamfani da zalunci, shi ne yake karɓar kuɗinka a kan gumin da bai zubar ba.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wani yaro ya taɓa zuwa wurina da wayarsa, idonsa ya yi ja. An turo masa abin da aka ce tarin littattafai ne, aka ce sai ya sauke wata manhaja kafin su buɗe. Ya sauke, ya danna amincewa a kan duk abin da ta nema, har da karanta saƙonninsa. Da yamma aka ƙwace masa WhatsApp, aka riƙa bin 'yan uwansa ana roƙon kuɗi da sunansa, har wata gwaggonsa ta tura. Littafin kuwa da ya buɗe daga baya, hoton shafuka ne a karkace, wasu sun ɓace, teburin makamai ma rabinsa ya yanke. Littafi ba ya bukatar ka girka wata manhaja daga hannun baƙo. Duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da apk aka ce maka littafi ne, ka goge shi nan take.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, wasu daga cikin 'yan damfarar nan abin da yake kyauta suke sayarwa. Tun 2014 kamfanin ya saki dokokin farko kyauta, kuma har yau akwai su a D&D Beyond. A Janairun 2023, bayan 'yan wasa sun yi caa a kan yunƙurin sauya lasisin OGL da aka kafa tun 2000, wanda yake ba wasu mawallafa izinin amfani da dokokin wasan, kamfanin ya janye, ya saki kundin dokokin da ake kira SRD 5.1 a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda yake ba kowa izinin kwafa da rabawa. A cikinsa akwai nau'o'in jaruman da ɗan wasa zai zaɓa, da tsafe-tsafe, da dodanni masu yawa, sun ishe ku wasan watanni. Halal ne ka sauke, halal ne ka kai shagon kwamfuta a buga maka a ɗinke. Idan kuma kuna son gwada Pathfinder, wani wasan irin wannan na kamfanin Paizo, dokokinsa suna shafin Archives of Nethys kyauta da yardar masu shi.

Don haka ga shawarata. Ku fara da dokokin kyauta, ku yi zama huɗu ko biyar ku ga ko wasan ya karɓe ku. Ku sayi saitin 'yan lido masu fuska daban-daban, ko ku yi amfani da manhajar jefawa kafin nan. Idan bayan wata biyu har yanzu kowa yana zuwa a kan lokaci, sai ku sayi littafin 'yan wasa ɗaya, na asali, daga shagon da za ka iya mayarwa idan an sami matsala. Ka nemi wanda zai dawo daga tafiya ya riƙo maka, domin littafin yana da nauyi, kuɗin aikowa shi kaɗai yana iya kusantar kuɗin littafin. Ka tara abokan naka ka nuna musu lissafin, ragowar kuɗin kuma ka mayar wa kowa nasa ko ku ajiye da sanin kowa har lokacin sayen littafin jagora.