Wanga bambancin eleron da gangan aka yi shi

Ɗana na ga saƙonka jiya da dare. Ka ce ka tsaya bayan ƙaramin jirgin saman nan Cessna 172, ka sa an murɗa sitiyari hagu, eleron na hagu ya tashi sosai amma na dama bai sauka daidai yadda wancan ya tashi ba, kana tambaya ko ka ja wayar ƙarfen da ke motsa su don su daidaita. Don Allah kar ka taɓa. Lafiyarsa ƙalau, kuma na ji daɗi da idonka ya kama abin, da yawa sai su shekara cikin hanga, wato rumfar gyaran jirage, ba su lura ba.

Eleron dai ganyen nan ne biyu da ke bayan fiffike can wajen ƙarshe, sunan daga Faransanci ya fito, wai ƙaramin fiffike. Kullum saɓani suke yi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wanda ya sauka yana ƙara wa fiffikensa lanƙwasa sai iska ta ƙara ɗaga shi, wanda ya tashi kuma ya rage ma nasa, shi ke nan jirgi ya kwanta gefe guda kamar yadda ɗan kabu-kabu ke kwantar da mashin in zai sha kwana a shataletale. Kwanciyar nan ita ke jan jirgin ya juya, kuma in matuƙi ya samu kwanciyar da yake so sai ya maido sitiyari tsakiya, ba riƙe shi ake yi a murɗe kamar na mota ba.

To ga inda tambayarka take. Fiffiken da iska ta fi ɗagawa shi ne kuma ta fi ja baya, ɗagawa ba ta zuwa kyauta. Kenan kana son zuwa hagu, fiffiken dama ya tashi amma yana jan baya, sai hancin jirgi ya fara leƙa dama, akasin inda ka nufa. Don a rage wanga abu ne suka sa mai tashi ya fi mai sauka tafiya, shi ma ya samu nasa jan bayan. A 172 sama digiri 20 ne ƙasa 15, buɗe littafin kamfani ka gani da idonka. Kuma duk da haka ba ya kashe abin gaba ɗaya, shi ya sa malaman tuƙi na kwalejin Zariya ke ta fama da ɗalibai su haɗa hannu da ƙafa, ka murɗa hagu ka taka fedar hagu ta roda, wato tsayayyen ganyen nan na wutsiya. Da ka ja wayar sun daidaita da ka ƙara wa ɗalibi wahala ne, musamman in jirgi na tafiya a hankali zai sauka.

Abin da ni ke hana ni barci a aikin eleron ba ma digiri ba ne, haɗa waya a juye ne. An sha rasa rayuka a duniya kan haka, a kwance waya a mayar, ta hagu ta koma dama, komai na motsi sumul ba wanda ya duba ina yake motsawa, matuƙi bai sani ba sai ya bar ƙasa. Shi ya sa ƙa'ida ta ce mutum biyu ke duba aikin, kowa ya sa hannu.

Sannan zafin Sakkwato, jikin jirgi alminiyam ne waya kuma ƙarfe, ba su miƙewa daidai, wayar da ka auna taurinta da sanyin safiyar hunturu ba haka za ka same ta ba da azahar a watan Afrilu. Ka duba jadawalin zafi kafin ka sa ma'auni.

Gobe in Allah ya kai mu ka riga ni zuwa, ka ɗauko ma'aunin digiri da littafin. Ni zan zauna ciki in murɗa, kai ka tsaya baya kana faɗa min da ƙarfi wanne ya tashi.