Ku Tambaya Mu Amsa: Wai me taswirar hanyoyin kifin wel za ta tsinana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Don Allah na ga wani labari wai masana suna ta kashe maƙudan kuɗi wajen zana taswirar hanyoyin da manyan kifayen nan na teku, wato wel, suke bi in za su yi ƙaura. Abin da ya ɗaure min kai shi ne teku ba titi ba ne, ba sawu ba alama, ta yaya ake gane inda suka bi? Kuma in an gane ɗin sai me, kifin ne zai karanta taswirar? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Tambayarka ta ƙarshe ta ba ni dariya amma fa tana kan hanya. Kifin ba ruwansa da taswira, ya san hanyarsa tun kaka da kakanni, direban jirgin ruwa da masunci ake zana wa.

Bari mu fara da yadda ake gane hanyar. Shi wel dabba ne mai shayarwa, da huhu yake numfashi, dole ya riƙa tasowa saman ruwa yana shaƙar iska, toh wannan tasowar ita ce damar da masana suke jira. Sai su matso a ƙaramin jirgi su harba masa wata 'yar na'ura ta maƙale a kitsen bayansa, duk sanda ya ɗago sai ta aika sigina zuwa tauraron ɗan'adam, mutum yana zaune gaban kwamfuta yana ganin ɗigo yana tafiya a kan teku, yau nan gobe can. Na'urar ba ta daɗewa, makonni ko 'yan watanni ta faɗi ko batirin ya mutu. A da can, wajen shekarun 1930, wani ɗan ƙarfe mai lamba ake harba wa kifin, kuma ba a sake ganin ƙarfen sai ranar da mafarauta suka kashe shi suna feɗewa, wato dai wuri biyu kawai za ka sani, inda aka harba da inda ya mutu.

Akwai kuma hoto. Nau'in wel mai doro in zai nutse sai ya ɗaga jelarsa sama, ƙarƙashin jelar akwai zanen fari da baƙi da tsage-tsage a baki, kowane da irin nasa, ba a samun biyu iri ɗaya. Masu yawon buɗe ido da masana suna ɗauka su loda a wani shafi mai suna Happywhale, kwamfuta ta gwada ta ce ai wannan mun san shi. Ta haka aka gano wani namiji da aka ɗauka a gaɓar Kolombiya a 2013 da 2017, sai ga shi a Zanzibar a 2022, tazarar sama da kilomita 13,000. Sannan akwai makirufo da ake sakawa a ƙarƙashin ruwa ana sauraron kukansu, wannan ko da dare ko da hazo yana aiki.

Tafiyar tasu kuwa ba ta wasa ba ce. Yawancin manyan suna kiwo ne a ruwan sanyi kusa da ƙuryar arewa da ta kudancin duniya inda abinci yake jibge, in lokacin haihuwa ya yi su gangaro ruwan ɗumi. Masu launin toka suna tashi daga tekun Bering su sauko har gaɓar Meziko. Wata mace da aka sa wa na'ura a 2011 kusa da tsibirin Sakhalin na Rasha, aka sa mata suna Varvara, ta tsallaka tekun Pasifik ta je Meziko ta koma, kilomita 22,000 da ɗoriya. Amma ba duka ke yawon ba, masu doron da ke tekun Larabawa wajen Oman zaunannu ne, nan suke shekara.

Toh yanzu sai me, kamar yadda ka ce. Ka ɗauka burtali ne a cikin ruwa, sai aka zo aka shimfiɗa babbar hanyar mota a kansa ba tare da an san yana nan ba. Jirgin dakon kaya in ya banke wel sau tari ma'aikatan ba sa ma jin komai, sai an isa tasha a ga gawa rataye a hancin jirgin, da yawa kuma nutsewa suke ba wanda ya ƙirga su. In ka ɗora taswirar kifayen a kan taswirar jirage, nan take za ka ga inda suke haɗuwa, kuma abin mamaki sau da yawa gyaran ɗan kaɗan ne. Kanada ta karkatar da hanyar jirage a mashigin Fundy a 2003, aka yi irin haka a mashigar Boston ta Amurka a 2007. A Panama, bayan masanan cibiyar bincike ta Smithsonian sun bi sawun masu doro da na'ura, a 2014 aka tattara jiragen da ke shiga mashigin ruwan ƙasar a siririyar hanya ɗaya maimakon kowa ya bi inda ya ga dama, kuma daga Agusta zuwa Nuwamba a rage gudu. A kudancin Siri Lanka inda shuɗin wel ke kiwo, shi ne mafi girma, yana kai mita 30, kamfanin jirage na MSC da kansa ya matsar da hanyarsa kudu da kusan kilomita 28 a 2022. Amurka ma tun 2008 tana da doka cewa jirgin da ya kai ƙafa 65 kada ya wuce gudun kilomita 18 da ɗan wani abu a awa a wasu wurare na gaɓar gabas a wasu watanni, don a wannan gudun ko an yi karon kifin ya fi samun damar tsira.

Sai dai ni a ganina inda mutane ke kuskure shi ne ɗaukar taswirar kamar an gama aiki, a buga a rataye a bango. Dubi abin da ya faru da nau'in da ake kira rait wel na arewacin Atlantika, waɗanda aka ƙiyasta kusan 370 ne suka rage a duniya a 2023. An san wuraren kiwonsu, an yi dokoki a kai, sai ruwa ya fara ɗumi, 'yan ƙwarin ruwan da suke ci suka matsa arewa, su ma suka bi abincinsu zuwa mashigin Sant Lorens na Kanada inda ba wata doka da ke jiransu. A 2017 kaɗai 12 suka mutu a ruwan Kanada, wasu karo da jirgi wasu igiyar tarkon kaguwa. Daga nan ne Kanada ta koma tsarin da in an hango ko an ji kukan guda ɗaya, a rufe kamun a wannan yankin na kusan mako biyu. Ka ga kenan aikin ba ya ƙarewa, kuma kuɗin da ka ce ana kashewa yawanci nan yake tafiya.

Ga kuma matsalar iyaka, kifi ɗaya zai ratsa ruwan ƙasashe da dama ya kuma shiga tsakiyar teku inda ba mallakar kowa ba ne. Shi ya sa ƙungiyar kare namun daji ta WWF ta haɗa bayanan na'urori na shekara 30 ta fitar da rahoto a 2022, kuma a 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar da za ta ba da damar keɓe wuraren kariya a can tsakiyar.

TAMBAYA: Ni tsorona kada a zana hanyar mafarauta su samu, ba tallar su aka yi ba kenan? Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama, mafarauta sun riga masana sanin hanyoyin nan, da wannan sanin aka kashe kusan miliyan 3 a ƙarni na 20 kafin hukumar kula da farautar wel ta duniya ta dakatar da farautar kasuwanci a 1986. Japan da Norway da Iceland ne suka ci gaba. Abin da ya fi cin su yanzu ba mashi ba ne, raga ce da igiya, an ƙiyasta wel da danginsa irin su dolfin kusan 300,000 ne ke mutuwa duk shekara a kayan kamun kifin da ba don su aka kafa ba.