Tambaya da amsa: na ajiye kuɗin kaya, wajen ɗauka aplikasiyon ya mutu

Tambaya: Malam barka da aiki, ni ɗalibi ne a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maradi, ina haɗa ma yayana ɗan aplikasiyon Android na lissahin butik ɗinshi. Na ajiye kuɗin kaya cikin SharedPreferences (wurin da aplikasiyon ke ajiye ƙananan bayanai cikin waya), da na kira getInt sai ya rufe, Logcat (inda Android ke rubuta saƙonnin kuskure) na cewa java.lang.String cannot be cast to java.lang.Integer. Alhali 2500 na rubuta. Mi ya faru?

Amsa: Ƙanena, layin da ya mutu ba shi ne mai laihi ba, koma wurin da ka ajiye. Duk abin da ya hito daga EditText, wato akwatin da ake rubutu cikinshi, rubutu ne (String) ko da lambobi ido ke gani, to kusan tabbas putString ka yi amfani da shi, shi kuma getInt yana ɗauko abin ya ce Integer ne, wato lamba, Java ta duba ta ga String sai ta jeho ClassCastException. Kastin, wato ce ma Java ta ɗauki abu a matsayin wani iri, ba ya canza abun, kamar ka rubuta gero ne bisa buhun dawa, cikin dai dawa ce. Tun wurin ajiya za ka maida shi lamba da Integer.parseInt sannan putInt.

In kana son gani da idonka, kira getAll, ɗauko abin da mabuɗinshi (sunan da ka ajiye shi da shi), ka buga getClass().getName() cikin Logcat. Ni kullum da wannan nake farawa kahin in taɓa komi.

Ga inda yake wahal da mutane sosai: ka gyara kod ɗin amma yana ci gaba da mutuwa, don tsohon rubutun nan na nan kwance cikin wayar, sake turo aplikasiyon bisa tsohon ba ya goge shi. A wayarka ta gwaji, shiga parametir ka goge bayanan aplikasiyon. Ta yayanka ko kar ka yi haka, lissahinshi zai tahi, sai ka karanta tsohon da getString, ka maida shi lamba ka ajiye da sabon mabuɗi.

Kuma dan Allah kar ka rufe shi da try-catch (mai tare kuskure kar aplikasiyon ya mutu) ka maido 0, gara ya mutu gabanka da ya nuna ma mai butik kaya ba su da kuɗi. In nan gaba ka koma Firebase (ma'ajiyar bayanai ta intanet) ka sani cikakkun lambobi irin 2500 a Long suke dawowa, wani irin lamba ne ba Integer ba, can sai ((Number) x).intValue().