Riɗin Dawanau da kamfanin mai na Gamagori: in tura kwantena kai tsaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau. Ina sayo riɗi daga Jigawa da Benuwai ina sayar wa kamfanonin da ke fita da shi waje. Ɗan ƙanena yana karatu a Toyohashi ta ƙasar Japan, ya ce a wani gari kusa da su mai suna Gamagori akwai babban kamfanin man riɗi, kuma 'yar ƙaramar kwalbar mai a can tsada gare ta sosai. Ina da naira miliyan 60. Ina tunanin in ciyo bashin miliyan 40, in cika kwantena biyu in tura, ni ma in bi bayan kayan in sayar wa kamfanin da hannuna. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Yaron bai yi maka ƙarya ba, kamfanin yana nan, kuma riɗin Najeriya yana shiga Japan da yawa. Amma shawarata ita ce kada ka ci bashin nan, kada kuma ka ɗora ko buhu ɗaya a jirgi sai da takardar ciniki a hannunka. Bari in fara da garin, don idan ka san irin mutanen da kake son sayar wa kaya, rabin amsar ta fito.

Gamagori ƙaramin birni ne a jihar Aichi, a bakin gaɓar tekun Mikawa, mutanensa ba su wuce dubu 80 ba. Daga Nagoya tafiyar kamar minti 40 ce a jirgin ƙasa. Duwatsu sun tokare shi ta arewa, teku ta kudu, shi ya sa sanyinsa bai kai na arewacin Japan ba, dusar ƙanƙara ma ba kasafai take zama ba. Wannan sassaucin yanayi ne ya sa aka san garin da wani ƙaramin lemo mai zaƙi da suke kira mikan, wanda suke nomawa har a cikin rumfunan leda masu ɗumi don ya fito kasuwa kafin lokacinsa. Akwai masunta da ke kamo kifin ƙasan teku, akwai masu murza igiyar jiragen ruwa da ta kamun kifi, akwai otal-otal na ruwan ɗumi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa, da wani ɗan tsibiri mai suna Takeshima da ake shiga ta gada mai tsawon mita 387. Da can garin masaƙu ne, yankin Mikawa ya yi suna da auduga, sai yadi mai arha daga waje ya durƙusar da yawancinsu. Wannan labari ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san Kano da Kaduna. Bambancin shi ne su suna zaune a jihar da kamfanin motoci na Toyota yake, masana'antun mota da na kayan gyaransu sun kewaye su, tashar jiragen ruwa ta Mikawa kuma tana cikin manyan tashoshin shige da ficen motoci a Japan.

Kamfanin da yaron ke nufi shi ne Takemoto, mai yin man riɗin da ake kira Maruhon. Asalinsa tun 1725 yake matsar mai a wannan yanki. Ka tsaya ka yi tunanin wannan, Alhaji: shekara 300 ana sana'a ɗaya. Kamfani irin wannan jarinsa na gaske shi ne matar da ta sayi kwalba bara ta dawo bana ta tarar da ƙamshi ɗaya, launi ɗaya. Kuma mutanen ƙasar ba ƙaruwa suke ba. Yawan jama'ar Japan raguwa yake tun bayan 2008, kusan kashi 29 cikin ɗari sun haura shekara 65. A kasuwar da ba ta faɗaɗa, kowa riƙe tsohon mai sayensa yake yi da kyau, ba ya kasadar sauya mai kawo masa kaya don an rage masa 'yan daloli a kan tan. Galibi ma irin waɗannan masana'antu ba sa sayen ɗanyen kaya daga baƙon da ya ƙwanƙwasa ƙofa. Manyan kamfanonin fatauci na Japan, irin su Mitsubishi da Mitsui da Itochu, da wasu ƙanana da suka ƙware a kan riɗi, su ne ke shigo da kaya, su ɗauki nauyin gwaji da kwastan, su miƙa wa masu matsa. Su kuma suna saye ne daga masu fitarwa da suka daɗe suna gwadawa. Mai yiwuwa ne riɗin da ka auna wa wani kamfani a Dawanau bara yanzu haka yana cikin kwalba a Nagoya.

Buƙatar tana nan ƙwarai, domin Japan ba ta noma ko kashi ɗaya cikin ɗari na riɗin da take ci. Tana shigo da fiye da tan dubu 150 a shekara, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da ke kan gaba wajen kai mata, musamman irin wanda ake matsa mai da shi, tare da Burkina Faso da Tanzaniya. To amma ƙofar shigar ƙunci gare ta, kuma nan ne kuɗinka zai iya salwanta.

Tun watan Mayun 2006 Japan ta kafa doka a kan ragowar maganin ƙwari a cikin abinci. Duk maganin da ba a yanka masa nasa ma'auni a kan wani amfanin gona ba, iyakarsa miligiram 0.01 a kilo ɗaya. In fassara maka shi da lissafin sito: giram ɗaya ke nan a cikin tan 100. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin wajen tan 19, ka ga abin da aka yarje a cikinta duka bai kai kashi ɗaya cikin biyar na giram ba. Yanzu ka tuna yadda kaya ke zuwa hannunka. Manomi ya yi feshi kusa da girbi. Wani ya zuba riɗinsa a tsohon buhun da aka ajiye wake mai magani. Yaron sito ya ga ƙwari ya yayyafa fiya-fiya a bango da ƙasa, buhuna na jingine a wurin. Buhu goma irin waɗannan sun isa su ɓata kwantena guda. Kan irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Sannan ga dafin fumfuna da ake kira aflatoksin, wanda Japan ta iyakance shi a mikrogiram 10 a kilo, wato miligiram 0.01. Shi kuma ba ya ganuwa da ido. Riɗin da aka kakkaɓe a kan ƙasa mai laima, ko aka ɗure a buhu bai gama bushewa ba, zai iya fitowa fari tas amma ya faɗi a gwaji. Idan jami'an lafiya na tasharsu suka ƙi kaya, zaɓi ya rage a mayar da su ko a lalata, kuma a kwantiragin sabon shiga kusan kullum mai turowa ne ke ɗaukar asarar.

Yanayin can ma yana cikin lissafinka. Ruwan da ake yi a Gamagori a shekara ya kusa ninka na Kano sau biyu. Daga farkon Yuni zuwa tsakiyar Yuli suna da damina mai yayyafi ba ƙaƙƙautawa, Agusta kuma zafi ne mai gumi, a haura digiri 30 iska na ɗauke da ruwa. Daga nan zuwa Oktoba lokacin mahaukaciyar guguwar teku ne, wadda kan tsayar da aikin tasha ta jinkirta jirage. Mutanen yankin ba sa wasa da ita, don ta 1959 da ta afka wa gaɓar Ise, maƙwabciyarsu, ta ci rayuka fiye da 5,000. Riɗinmu na arewa yana shigowa kasuwa ne daga Oktoba zuwa Disamba, hunturu ya busar da shi sarai. Amma daga nan zai hau tirela zuwa Legas, ya zauna a danshin Apapa yana jiran jirgi, ya yi fiye da wata guda a teku, sau da yawa kusan biyu, ana sauya masa jirgi a hanya. Ƙarfen kwantena yana gumi idan zafi da sanyi suka yi ta musanya, ruwan ya ɗiga a kan buhunan sama. Wanda ya yi jinkirin lodi har zuwa Afrilu, kayansa za su sauka a tsakiyar daminarsu. Shi ya sa masu saye ke rubuta cewa danshin riɗi kada ya wuce kamar kashi 6, kuma masu fitarwa na gaske ke shimfiɗa takarda mai kauri a cikin kwantena su rataya jakunkunan tsotse laima.

Mu zo kan bashin. Daga ranar da ka sayi kaya zuwa ranar da kuɗi zai shigo asusunka, ka ƙaddara wata huɗu ko biyar idan komai ya tafi daidai. A cikin waɗannan watanni da kana Dawanau da ka juya miliyan 60 ɗinka sau nawa? Wannan ribar da za ka rasa ita ce tsadar farko, kuma ita ce 'yan kasuwa suka fi mantawa. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da rance. Ko ta bankin Musulunci ka bi, a yi maka murabaha, wato banki ya sayi kayan ya sayar maka bashi da riba sananniya, ranar biya ba ta jiran jirgi. Ga canji: da dala ake cinikin, kai kuma da naira ka saya, mai sayenka da yen, kuɗin Japan, yake sayarwa, kuma a 2024 sai da dala ɗaya ta haura yen 160, abin da ya sa 'yan Japan suka ƙara matse hannu a ciniki. Tsadar kwalbar da yaron ya gani kuwa, yawancinta kuɗin tacewa ne da suya da matsa da kwalba da albashi da ribar kanti. Ba farashin da za a biya ka ba ne.

Abin da nake so ka yi da kuɗinka na kanka shi ne ka zama mutumin da riɗinsa ba ya faɗuwa a gwaji. Ka zaɓi ƙauye biyu ko uku da ka san manomansu, ka ba su tampol su riƙa kakkaɓa a kai, ka ba su sababbin buhuna, ka yi musu ƙari a kan farashi da sharaɗin ba feshi bayan riɗi ya fara kosawa. Ka ware sito guda da ba a taɓa zuba magani a ciki ba, buhuna a kan katako, kowane da lambar ƙauyen da ya fito. Ka sayi na'urar auna danshi, ba ta da tsada. Kowane kaso ka ɗebi samfur ka kai ɗakin gwajin da ƙasashen waje suka yarda da sakamakonsa, ka adana takardun. Da waɗannan takardu za ka koma wa kamfanin da kake sayar wa kaya ka ce a biya ka farashin kayan Japan, domin su ma wannan ne ciwon kansu. A nan riba za ta fara shigowa tun ba ka taka Legas ba.

A gefe guda kuma ka yi rajistar mai fitar da kaya da hukumar bunƙasa fitar da kaya waje ta Najeriya, NEPC, ka zauna da bankinka su koya maka cike fom ɗin fitar da kaya da ake kira NXP, ka san takardar lafiyar tsirrai ta hukumar NAQS mai binciken lafiyar amfanin gona, ka kuma san cewa doka ta ce kuɗin kaya su dawo gida cikin kwana 180. Bayan kaka biyu da sakamako mai tsabta, sai ka nemi mai shigo da kaya na Japan ta ofishin hukumar cinikayyarsu, JETRO, da ke Legas. Za su nemi samfur, su yi shiru, su sake neman wani. Kada ka ɗauka wulaƙanci ne, haka suke yanke shawara, sai kowane sashe na kamfani ya sa hannu. In an kai ga ciniki, kwantena ɗaya za ka fara da ita, a biya ta takardar lamunin banki, a kuma rubuta cewa gwajin da aka yi kafin lodi a ɗakin da ku biyu kuka amince da shi ne abin dogaro.

Tafiyar ba laifi ba ce, amma da samfur da takardun gwaji za ka je, bayan an ba ka ranar ganawa. Watan Maris ya fi, lokacin baje kolin abinci na Foodex a Tokyo, inda masu shigo da kaya ke taruwa wuri ɗaya. Ka kauce wa ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu da tsakiyar Agusta, ofisoshi a rufe suke don hutu. Shi kuma ɗan ƙanenka, ka bar shi da karatunsa, kada ka sa shi ya shigo da kaya da sunansa, bizar ɗalibi ba ta ba shi wannan dama ba. Taimakon da zai yi maka yanzu shi ne ya fassara maka ma'aunin magungunan riɗi daga shafin gwamnatinsu, ka kai wa mai ɗakin gwajin kafin kaka ta shigo.