Bayan Tiyatar Cikin da Ya Zauna a Wajen Mahaifa: Amsar Tambayoyinku

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Yau kwana 12 da yi mini aiki. An ce ciki ne ya zauna a bututun mahaifa har ya fashe, aka cire bututun, aka ƙara mini jini leda 2. Har yanzu in na miƙe jiri nake ji, kuma jini yana ɗan zuba. Surukata ta ce in fara wankan jego da shan kunun kanwa. Yaushe zan koma aikin gida? (Wata uwa daga Gusau)

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jiki, Allah Ya mayar da alheri. Tunda bututun ya fashe, mai yiwuwa yanka aka yi miki a ƙasan mara irin na masu haihuwa ta tiyata. Fatar waje takan haɗe cikin kwana 7 zuwa 10, lokacin da ake cire zare idan ba mai narkewa ba ne. Amma jijiyar naman da ke ƙarƙashinta, wadda ke riƙe da kayan ciki, tana bukatar aƙalla mako 6. A nan mata da yawa ke cutuwa: sun ga ɗinki ya bushe, sai su koma daka da jan guga da ɗaukar jarka mai lita 25. Abin da kan biyo baya shi ne ɗinkin ciki ya saki, hanji ya turo ya yi ƙullutu a ƙarƙashin tabon, sai an sake wani aikin. Har mako 6 kada ki ɗauki abin da ya fi butar alwala cike nauyi, kada ki yi goyo, kada ki yi wanki ko shara a duƙe. Zaman gado kuma shi ma ba alheri ba ne. Ki riƙa takawa a tsakar gida minti 10 sau 3 a rana, kina ƙarawa kaɗan-kaɗan, domin tafiya ce ke hana jini daskarewa a jijiyar ƙafa. In tari ko atishawa ya zo, ki dafe wurin da matashin kai.

Jirin nan na ƙarancin jini ne. Leda 2 ta ceci rai, ba ta mayar da duk abin da ya zuba a ciki ba. Ki koma a auna miki PCV, wato gwajin yawan jini, ki riƙe maganin ƙarin jini kullum, kuma ki ci gaba da shi wata 3 bayan jinin ya daidaita. Kada ki haɗa shi da shayi, shayi yana hana jiki tsotsarsa. Ki sha da ruwan lemo ko ruwa zalla. Zai mayar da bayan gida baƙi, wannan ba komai. Zai kuma iya taurara ciki, kuma yunƙuri yana wahalar da ɗinki, don haka ki yawaita ruwa, gwanda, zogale da alayyahu. Hanta, wake, ƙwai da kifi su ne abincinki yanzu. Don zogi, farasitamol gram 1 duk awa 6 ya isa, kada ya wuce gram 4 a yini.

Ki ba Mama haƙuri cikin ladabi, niyyarta kyakkyawa ce, amma wankan jego bai dace da ke ba. Tafasasshen ruwa da fyaɗa ganye suna jiƙa ɗinki su buɗe ƙofar ƙwayoyin cuta, kuma zafi yana iya kayar da mai ƙarancin jini a banɗaki. Kanwa kuwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki ta ɗora wa zuciya nauyi. Ruwa mai ɗumi da sabulu ya wadatar, ki tsane wurin da tsumma mai tsabta, kada a shafa man zafi ko wani gari.

Jinin da ke zuba daga bangon mahaifa yake, wanda ya yi kauri saboda cikin, kuma yakan ɗauke cikin mako 1 zuwa 2. Amma ki koma asibiti a take, ko da dare ne, idan kika ga zazzaɓi, ko ɗinki ya yi ja yana ruwa ko mugunya, ko ciwon ciki yana ƙaruwa, ko jini yana jiƙa audugar mata cikin awa 1, ko ruwa mai wari, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya.

TAMBAYA: Ni ta 'yan huji aka yi mini aikin da kyamara, ba a cire bututun ba. Me ya sa ake ta maimaita mini gwajin jini? (Wata mai karatu daga Abuja)

AMSA: Saboda idan an tsaga bututu an bar shi, wani ɗan ɓurɓushin mabiyiya yana iya maƙalewa ya ci gaba da girma har ya fasa shi daga baya. Gwajin hCG (sinadarin da mabiyiya ke fitarwa cikin jini) na mako-mako ne ke nuna ya mutu, don haka kada ki fasa har sai an ce ya sauka gaba ɗaya. Ciwon kafaɗa na kwana 2 ko 3 na farko iskar da aka hura a ciki ce. In ya zo daga baya tare da jiri ko sumewa, jini ne ke zuba a ciki, a garzaya da ke. Masu irin aikinki sukan warware cikin mako 2 zuwa 4.

TAMBAYA: Likita, an cire wa iyalina bututu ɗaya. Za ta sake haihuwa? Kuma yaushe za mu koma shimfiɗa? (Wani magidanci daga Maraɗi)

AMSA: Malam, in ɗayan bututun lafiyayye ne, yawancin mata suna sake ɗaukar ciki su haihu. Ba a taɓa ma'ajiyar ƙwai ba a irin wannan aiki, kuma bututun da ya rage yana iya karɓar ƙwai daga kowane ɓangare. Shimfiɗa sai jini ya ɗauke, ciwo ya lafa, ita kuma ta shirya a ranta, domin rashin ciki ta yi bayan wahalar aiki. Al'ada takan dawo cikin mako 4 zuwa 6, amma ƙwai yana fita kafin ta, don haka ku nemi hanyar tazara tun yanzu. Kafin neman wani ciki, a bari ta ga al'ada sau 2, in kuma an yi mata allurar methotrexate, mai tsayar da girman irin wannan ciki, sai bayan wata 3. Idan rukunin jininta mai "negative" ne, ka tambaya ko an yi mata allurar anti-D, mai kare cikin da za ta ɗauka nan gaba, wadda ake yi cikin awa 72.

Kusan mace 1 cikin 10 da ta taɓa yin irin wannan ciki tana sake yi. Ciwon sanyin mara da ba a magance ba yana daga manyan abubuwan da ke lalata bututu, don haka in akwai shi ku biyun za a duba a yi wa magani. Ranar da ta yi ɓatan wata, a yi gwaji, a je a ɗauki hoton ciki a mako na 6 zuwa 7 don a ga inda ya zauna, ko da ba ta jin ciwon komai.