Sabon aiki, tsohon suna a takardu: wa ya kamata ya sani?

Tambaya: Barka da aiki. Ni mace ce da ta sauya jinsi. Namiji aka rubuta a takardar haihuwata, amma na daɗe ina rayuwa a matsayin mace, kuma ina shan maganin homon (sinadarin da ke sauya siffar jiki zuwa ta mace) a hannun likita. Na samu aiki a wani kamfani, zan fara nan da mako biyu, da wata shida na gwaji. Shaidar karatuna da asusun bankina duk tsohon sunana ne a jiki. In faɗa wa shugabana tun ranar farko, ko in yi shiru? Ga ganin likita da zai riƙa faɗowa a lokacin aiki. Ina tsoron kada wannan ya cinye mini hankali har in kasa yin abin da aka ɗauke ni dominsa.

Amsa: 'Yar'uwa, ina taya ki murna. Cikin masu nema aka duba aka zaɓe ki, kuma don abin da kika iya aka yi hakan.

Tambayarki ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba su. Akwai abin da kamfani yake buƙata don ya biya ki albashi bisa ƙa'ida, akwai kuma tarihin rayuwarki. Na farko dole ne ki bayar, amma ga mutum ɗaya ko biyu kawai. Na biyu naki ne, ba bashi ba ne da kowa yake bin ki.

Mu fara da takardu, domin ta nan asiri ya fi tonuwa ba da nufin kowa ba. Albashi, haraji, fansho da inshora duk suna tafiya da sunan da ke kan takardun hukuma. Don haka kada ki cike fom da bayanin da ya saɓa wa takardunki, saboda wannan kaɗai kan iya zama hujjar sallama. Abin da za ki yi shi ne ki nemi mutum ɗaya a sashen kula da ma'aikata, ki rubuta masa tun kafin ranar farko. Ki ce sunan da ke takardunki daban ne da wanda ake kiranki da shi, kina roƙon a sa na yanzu a adireshin imel, katin shaidar aiki, jadawalin aiki da duk inda abokan aiki za su gani. Dalilin gaggawar shi ne, a kamfanoni da yawa masu kula da kwamfuta kan buɗe wa sabon ma'aikaci asusun imel daga bayanan albashi kai tsaye, kwanaki kafin ya iso. In kika makara, saƙon maraba da za a tura wa kowa da tsohon suna zai fita. Ki kuma tambaye shi su waye ke iya buɗe fayil ɗinki, ki nemi amsar a rubuce. Haka nan tsofaffin wuraren aikinki da za a tuntuɓa don shaida: in da tsohon suna suka san ki, ki riga kamfanin kiransu.

Ba ki ambaci ƙasar da kike ba, alhali nan ne shawara take rabuwa biyu. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yunin 2020, a shari'ar Bostock, cewa korar ma'aikaci don ya sauya jinsi ta saɓa wa dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda ta shafi ma'aikatun da ke da mutum 15 zuwa sama. Ɗaya daga cikin masu ƙarar, Aimee Stephens, an kore ta ne a 2013 bayan ta sanar da mai gidan aikinta cewa za ta fara zuwa aiki a matsayin mace, kuma ta rasu wata guda kafin hukuncin. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 tana kare ki tun daga ranar farko, ko kina lokacin gwaji, kuma ba sai an yi miki tiyata ba. Kanada ta shigar da irin wannan kariya cikin dokar kare haƙƙin ɗan Adam ta tarayya a 2017, Indiya kuma ta yi tata dokar a 2019. Amma akwai ƙasashe masu yawa da babu wata kariya ko kaɗan, wasu ma suna hukunta mutum kan shigar da ya yi. In a irin wannan wuri kike, kada ki faɗa wa kowa komai, har da sashen ma'aikata, sai kin zauna da lauya ko wata ƙungiyar kare haƙƙi da kika amince da ita. Shirun da zai tsare miki rai da abinci ba yaudara ba ne, kuma ba na son ki ɗora wa kanki laifi a kansa.

Game da shugabanki, ra'ayina ki dakata. Magana zarar bunu ce, kuma a makon farko ba ki san shi ba tukuna. Ki ba kanki lokaci ki ga yadda yake maganar wanda ba ya wurin, yadda yake yi in wani ya kawo masa matsalar gida, ko sirrin ma'aikata yana kwana a bakinsa. Wuri biyu ne zan ce ki riga ki faɗa. In kamfanin ƙarami ne, shi ne mai duba takardu kuma shi ne mai biyan albashi, gara ya ji daga bakinki da ya tsinta a fayil. Sai kuma in akwai tiyata a gaba da za ta buƙaci dogon hutu. Ko a nan ma jimla biyu sun isa: ga sunan da ke takarda, ga wanda nake amfani da shi, ina roƙon ya tsaya tsakaninmu. Tambaya kan jikinki ko aikin da aka yi miki ba hurumin kowa ba ce a ofis, kina iya cewa wannan tsakaninki da likitanki ne.

Ganin likita bai kai yadda kike tsoro ba. A shekarar farko ta shan homon akan duba jini kusan duk wata uku, bayan nan sau ɗaya ko biyu a shekara. Ki nemi lokacin safe ko na yamma, ki sanar da wuri, ki ce kina da ganin likita, shi ke nan. Abin da ya fi damuna shi ne banɗaki. Mutane da yawa a irin halinki kan daina shan ruwa su riƙe fitsari yini guda don gudun idon jama'a, wannan kuwa yana jawo ciwon mafitsara. In cikin magungunanki akwai spironolactone, mai rage ƙarfin homon na maza, abin ya fi tsanani, domin yana ƙara fitsari. Dokar banɗaki tana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya ma, hukuncin Kotun Ƙoli na Afrilun 2025, wanda ya ce jinsi a dokar 2010 yana nufin na haihuwa, ya sake tayar da batun, ko da yake kariyar da ke hana nuna miki bambanci tana nan. Ki tambayi mutumin nan na sashen ma'aikata tsarin kamfanin, da ko akwai banɗaki na mutum ɗaya kusa da inda za ki zauna.

Tsoronki na ƙarshe shi ne na gaskiya. Wanda yake gadin muryarsa da tafiyarsa da kowace kalma daga safe zuwa yamma, a gajiye yake komawa gida ko bai ɗaga komai ba, ga kuma koyon sabon aiki a kai. Shi ya sa nake so ki gama da takardu kafin ki fara, ki kuma samu mutum ɗaya a wajen ofis da za ki riƙa sauke masa abin da ke ranki. In wani ya ce “shi” maimakon “ita”, ki gyara masa a taƙaice ki ci gaba da maganar aiki. Mai kuskure yakan gyara. Wanda yake maimaitawa da gangan, ko yake yaɗa tsohon sunanki, ki riƙa rubuta rana da abin da ya faɗa da waɗanda suka ji, a wayarki ko littafinki, ba a kwamfutar kamfani ba.

A makon farko ki zauna da shugabanki ki tambaye shi me yake so ya gani a hannunki kafin wata shidan su cika, sannan ki tura masa abin da kuka yi magana ta imel don ya tabbatar. Duk wata ki nemi ya faɗa miki inda kika tsaya, ki ajiye amsar. In aikin ya tafi daidai, wannan ne zai sa a tabbatar da ke. In kuma wani ya so fakewa da lokacin gwaji ya raba ki da aikin saboda abin da ya ji a kanki, waɗannan saƙonnin ne lauya ko ƙungiyar ƙwadago za su fara tambayarki.